Waɗanda suka taɓa hawa dutsen Brocken a Jamus, me kuka tarar?

Mai tambaya: Salamu alaikum 'yan'uwa. Mu huɗu muna shirin hawa Brocken, dutse mafi tsawo a arewacin Jamus, mita 1,141, a gandun dajin Harz. Ta ina ya fi kyau mu tashi?

Ɗalibi a Magdeburg: Wa alaikumus salam. Mu daga ƙauyen Schierke muka tashi, muka bi hanyar ƙafa da ake kira Eckerlochstieg. Ba ta da nisa, sai dai duwatsu da saiwoyi masu santsi, wani wurin sai da dafawa. Kusan awa biyu muka yi. Ku ɗauki rigar sanyi ko da a ƙasa zufa kuke yi, iskar saman ba ta da sauƙi.

'Yar Kano a Göttingen: Ɗan'uwa, in kun kai kada ku wuce tulin duwatsun nan biyu, Teufelskanzel da Hexenaltar, wato mumbarin Shaiɗan da bagaden mayu. Kai ka ce wani ne ya ɗora su ɗaya bisa ɗaya, alhali ruwa da ƙanƙara ne suka sassaƙe su. Mutanen yankin na cewa a daren 30 ga Afrilu mayu ke taruwa a wurin. Ina tsaye hazo ya lulluɓe su, nan take na tuna labarin Barbushe da Tsumburbura a Dala da kakata take ba mu.

Wani daga Braunschweig: Ni abin da ya tsaya mini a rai itatuwan ne. Ta ƙauyen Torfhaus na bi, na yi tafiya mai tsawo cikin busassun itatuwa, tsaye fari fat, ba ganye ba ɓawo. Farin da aka yi tun 2018 ya raunana su, ƙwaro mai cin ɓawo ya ƙarasa. Wallahi sai da jikina ya yi sanyi. Masu kula da gandun ba sa kwashe matattun, kuma in ka duƙa za ka ga ƙananan tsirrai na fitowa a gindinsu.

Ɗalibi a Magdeburg: Haka ne, Yaya. Kuma ku duba yanayi kafin ku fita, hazo kan rufe ƙolin kusan kwana 300 a shekara. Wani dattijo da muka haɗu da shi ya ce yana yaro yana hango dutsen daga gida amma ba damar hawa, sojoji sun rufe shi daga 1961 har Disambar 1989.

'Yar Kano a Göttingen: In akwai mai ciwon gwiwa a cikinku, ya shiga jirgin ƙasa mai amfani da kwal daga garin Wernigerode, har sama yake kaiwa. Allah Ya kai ku lafiya.