Tambaya kan fumfunar da ke zaune cikin lafiyayyen tsiro

Ɗalibar Kimiyyar Tsirrai:
Assalamu alaikum, malamaina. A ɗakin gwaji mun wanke ganyen masara da sinadari har muka kashe duk ƙwayoyin da ke bayansa, muka yayyanka shi muka jera a faranti mai abincin ƙwayoyin halitta, sai ga fumfuna ta tsiro daga cikin ganyen bayan kwana biyar, alhali babu tabon cuta ko ɗaya a jikinsa. An ce mana ana kiran irin wannan fumfuna endofait. Ina son a fahimtar da ni abin da tsiro yake samu daga baƙuwar da ke cin abincinsa.

Malamin Jami'a Mai Ritaya:
Wa alaikumus salam, 'yata. Misalin da ya fi gamsar da ni shi ne na wata ciyawa mai suna Dichanthelium lanuginosum, wadda ke fitowa a bakin maɓuɓɓugan ruwan zafi na gandun Yellowstone a Amurka. A shekarar 2002 masu bincike sun nuna cewa idan fumfunar Curvularia protuberata tana cikinta, ciyawar tana jure zafin ƙasa har digiri 65 a ma'aunin Celsius, amma da aka raba su, babu wadda ta iya jure abin da ya wuce digiri 38. A 2007 kuma aka gano cewa akwai ƙwayar bairos a cikin fumfunar kanta, kuma idan aka cire bairos ɗin juriyar takan tafi. Mu da gonakinmu ke ƙonewa duk bazara, wannan binciken ya cancanci mu bi shi da gaske.

Likitan Dabbobi:
Allah ya ƙara wa Malam lafiya, amma ina so ƙanwata ta tambayi kanta: amfanin na wa ne? A Amurka an yaɗa ciyawar kiwo mai suna Kentucky 31 saboda jure fari da ƙwari, sai shanu suka riƙa rama, ba sa jure zafi, wasu ma kan jelarsu da kofatonsu suna ruɓewa. Sai a 1977 aka danganta ciwon da fumfunar da ke cikin ciyawar, wadda dafinta ke matse jijiyoyin jini. Da aka shuka iri marar fumfunar, shanu sun murmure, ciyawar kuwa ta kasa daɗewa a fili. A New Zealand, inda fumfunar da ke cikin wata ciyawar ta riƙa sa tumaki tangaɗi, sun zaɓo nau'in fumfuna mai suna AR1, wadda ke korar ƙwari ba tare da sa dabba tangaɗi ba, kuma manoma suna shuka irin da ke ɗauke da ita.

Jami'ar Gona:
Tunda daga masara kika samo ta, ƙanwata, kada ki yi gaggawar kiranta mai amfani. Fumfunar Fusarium verticillioides takan zauna shiru a cikin masara, amma idan fari ko tsutsa suka raunana shukar, sai ta ruɓar da zangarniya ta bar dafin fumonisin a hatsin da za a ci. Ki ware kowace fumfuna a farantinta, ki roƙi malaminku a tantance sunanta, sannan ki shuka masara kashi biyu a tukwane, ɗaya da ita ɗaya babu, ki rage musu ruwa ki auna tsayi da nauyinsu.