Wanda ya san Faust ya taimaka min, na rasa inda zan kama

Sani_Sauti:
Assalamu alaikum jama'a. Ina da ɗan situdiyo a gida inda nake ɗaukar karatu da waƙoƙin biki, to matsalata kullum wani ƙugi ne da ke shiga cikin sautin musamman in an tada janareta, wani huuum a ƙasa-ƙasa, ko na rage sai na ji shi a hedifon. Shi ne na ce bari in rubuta nawa filogin (ɗan shirin da ake liƙa wa manhajar ɗaukar sauti) da zai cire shi, wani ya ce in gwada Faust, wani yaren rubuta shirye-shiryen sarrafa sauti. Na ɗan iya yaren kwamfuta na Python amma wallahi wannan ya ɗaure min kai, ba for ba while da ake zagayen maimaita aiki da su, ba inda zan ajiye lamba in dawo in canza ta, sai wani layi wai process = + ; shi kenan kuma an ce shirin ya cika. To ta ina sautin ke bi? Kwana 4 kenan ina kallon abin.

Injiniya_Bala:
Wa alaikumus salam ƙanena. Abin da ya same ka ya sami kowa da ya taho daga Python. Ka daina tunanin kana ba kwamfuta umarni ɗaya bayan ɗaya, ka ɗauka kana bayan mikisa ne kana jona wayoyi. Wannan + ɗin akwati ne mai ƙofar shiga biyu da ta fita ɗaya, yana haɗa sauti biyu. Alamomin jonawa biyar ne kacal, waƙafi yana jera akwati biyu gefe da gefe, : yana zuba na farko cikin na biyu, <: yana rarraba, :> yana tattarawa, sai ~ mai maido da abin da ya fita ya koma ciki. Zagayen da kake nema kuma kamfaila, wato manhajar da ke fassara shirin, ce ke rubuta maka shi lokacin da take juya lambarka zuwa yaren C++, kai dai ka faɗi me zai sami samfur ɗaya, wato ɗan gutsuren sauti guda, ita za ta maimaita sau 44100 ko 48000 a daƙiƙa. Gwada wannan a editansu na intanet, ba sai ka sauke komai ba:

process = + ~ (@(22050) : *(0.5));

Amsa-kuwwa ce ta rabin daƙiƙa in kana kan 44100, kowace dawowa tana raguwa da rabi. Ni ranar da na gane wannan layin ne yaren ya buɗe min gaba ɗaya, don na ga duk abin da nake ɓata layi talatin ina yi da hannu ya dawo waya ɗaya da aka lanƙwaso baya. Mutanen cibiyar GRAME da ke Liyon a Faransa ne suka faro shi a 2002, su Yann Orlarey, kuma dama masu harkar kiɗa ne shi ya sa tunanin nasu na wayoyi ne.

Maman_Ilham:
Don Allah malam Sani kafin ka kunna ka rage ƙarar tukuna ka cire hedifon daga kunne. Wannan 0.5 ɗin in ka kuskura ka mai da shi 1.2 sautin ƙaruwa zai yi ta yi ba tsayawa, ni ya taɓa faruwa da ni da daddare, kunnena na dama ya yi ta ƙara har washegari kuma abin ya tsorata ni sosai. Kar 0.5 ɗin ya kai 1.

Dan_Maradi:
A kan ƙugin naka, wutarmu sau 50 take bugawa a daƙiƙa, shi kake ji, tare da 'ya'yansa 100 da 150. Cikin laburarensu akwai matata da ke yanke wuri ɗaya siriri:

import("stdfaust.lib");
process = seq(i,3,fi.notchw(10,50*(i+1)));

Ka ga seq ɗin nan shi ne ɗan for ɗin da kake nema, sai dai akwatuna yake jerawa. Amma fa janareta ba ya zama daidai kan 50, in kaya suka yi masa nauyi sai ya sauka, don haka ka sa hslider, wato sandar da ake ja a allo don canza lamba, a madadin 50 ɗin ka dinga matsawa da kunnenka. Kuma gaskiya ɗan'uwa ka fara duba wayar ƙasa ta ɗakin da igiyar makirfo, in ƙugin ya yi yawa matata za ta ci ƙasan muryar mai karatu, musamman namiji mai kauri.

Sani_Sauti:
Allah ya saka da alheri baki ɗaya. Yallabai Bala na gwada amsa-kuwwar ta yi, har na canza 22050 zuwa 11025 na ji ta matso kusa. Hajiya na rage ƙarar kafin nan. Na notchw ɗin ma ya rage ƙugin sosai da na sauke shi wajen 48, sai dai in ina jan sandar da sauri yana ɗan ƙas-ƙas, ko akwai maganin wannan?

Injiniya_Bala:
Akwai, ka liƙa : si.smoo a bayan hslider ɗin, lambar ce ke tsalle shi kuma zai sa ta tafi a hankali. In ya zauna ka turo lambar nan mu gani kafin ka fitar da shi filogin.