Wane suna za mu ba "herd immunity" a Hausa?

'Yan'uwa masu fassara da ma'aikatan lafiya, ku zo mu tsayar da magana ɗaya a kan wannan. Turawa na cewa herd immunity, mu kuwa har yanzu kowa da sunan da yake ba shi, kuma iyaye ne ke rikicewa.

Kafin suna, a san abin. Cuta mai yaɗuwa sai ta tsallaka daga wani jiki zuwa wani take ɗorewa. Idan mafi yawan mutanen wuri suna da garkuwar jiki, ko ta allurar rigakafi ko don sun taɓa kamuwa sun warke, duk inda ƙwayar cutar ta nufa sai ta tarar da ƙofa a rufe, har ta rasa hanyar kaiwa ga waɗanda ba su da kariya. Su wa ke nan? Jaririn da bai kai wata 9 ba balle a yi masa allurar ƙyanda, da mai cutar daji da magani ya raunana masa jiki har ba za a iya yi masa wasu alluran ba. Su ba a yi musu komai ba, amma sun tsira albarkacin na kusa da su. Yawan da ake bukata ya danganta da cutar. Mai ƙyanda ɗaya kan iya sa wa mutum 12 zuwa 18 a inda babu mai kariya, shi ya sa sai an yi wa kusan kashi 95 cikin 100 rigakafi. Shan inna kuwa wajen kashi 80 ne.

"Garkuwar garke" ita ce fassarar kai tsaye, kuma ba na goyon bayanta ko kaɗan. Gaskiya ne daga likitocin dabbobi kalmar ta samo asali, a kan shanu. Amma ka tsaya gaban uwa da goyonta a baya ka ce mata ɗanta na cikin garke, ka ga ko za ta miƙo maka katin rigakafinsa.

Wata Malama da ke aikin jinya ta kawo "garkuwar jama'a". Malama, ma'anar ta yi daidai, kuma a rubuce ba ta da aibi. Matsalata da kunne ce. A rediyo, ko a bakin mai shela da lasifika, tsakanin "garkuwar jama'a" da "garkuwa da jama'a" gaɓa ɗaya ce tak, kuma kowa ya san abin da ta biyun ke sa wa mutane a zuciya. Saƙon lafiya bai kamata ya fara da faɗuwar gaba ba.

"Garkuwar tarayya" za ta kai hankali ga gwamnati. "Garkuwar gama-gari" kuma, Malam da ka kawo ta, Allah ya ƙara basira, amma tana nuna kamar kowa na da ita a jikinsa, alhali jaririn nan ba shi da ita, aro yake yi.

Ni na tsaya a kan "garkuwar haɗaka". Ta riƙe kalmar garkuwa, don haka wanda ya san "garkuwar jiki" zai gane 'yar'uwarta ce. Haɗaka kuma na nuna kowa ya kawo nasa aka haɗa, kuma idan masu kawowa suka ragu, abin zai rushe. Haka yake a zahiri: da zarar yawan yaran da ake yi wa allura ya ja baya, ƙyanda ke fara dawowa.

Ku gwada ta a jimla: "A kai yara rigakafi don garkuwar haɗaka ta kare jariran da ba su isa allura ba." Ta zauna a baki.

Sai dai masu wayar da kai su kula, kada a liƙa wa kowace allura wannan suna. Ciwon sarƙewar haƙora ba ya bin mutum zuwa mutum, daga ƙasa ƙwayarsa ke shiga rauni. Ko duk unguwa sun yi allurarsa, wanda bai yi ba yana nan cikin haɗari, don haka a nan "garkuwar jiki" kaɗai za a ce.