Neman shawara: ɗalibaina sun haddace lissafin ƙwallo, amma ba su gane shi ba

Mai tambaya: Assalamu alaikum malamai. Ina koyar da lissafi a babbar sakandare. Mun zo kan siffar ƙwallo, na rubuta musu 4πr² (faɗin bayan ƙwallo) da 4/3πr³ (girman cikinsa), sun haddace tsaf. Jiya wata yarinya ta tambaye ni daga ina 4 ɗin ya fito, wallahi na rasa ta cewa. Abin ya tsaya mini a rai. Yaya zan yi su gani da idonsu?

Amsa ta farko: Wa alaikumus salam, Malama. Ki sayi lemon zaƙi, ki raba shi biyu, ki kifa rabin a takarda ki zana da'ira huɗu. Sai yara su ɓare ɓawon duka ƙanana-ƙanana su jera a ciki. Zai cika huɗun nan kusan cif. Ga 4 ɗinki.

Amsa ta biyu: 'Yata, na yi shekaru da alli a hannu, kuma da labarin Arkimidis nake farawa. Masanin lissafi ne, mutumin Sirakus a tsibirin Sisili, ya rasu a shekara ta 212 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Shi ya tabbatar cewa ƙwallon da ya zauna daidai cikin gwangwani, tsayinsu ɗaya faɗinsu ɗaya, kashi biyu cikin uku na cikin gwangwanin yake cinyewa. Don son da yake wa wannan sakamako ya roƙi a sa siffar a kan kabarinsa, kuma da ita Sisero, wani ɗan siyasa kuma marubucin Rum, ya gane kabarin cikin sarƙaƙiya a shekara ta 75 kafin haihuwar Annabi Isa. Ki yanke robar ruwa daidai tsayin ƙwallo, ki cika ta, ki danna ƙwallon ciki, su auna ruwan da ya rage. Sulusi za su samu. Amma sai faɗin ya zo daidai, in ba haka ba lissafin zai karkace.

Amsa ta uku: Malama, kar a manta da Albiruni, masanin lissafi da taurari, wanda aka haifa a 973. A Nandana, cikin Pakistan ta yau, ya auna girman duniya daga tsayin dutse guda. Da lissafin bayan ƙwallo kuma ya fitar da alƙiblar birnin Gazna, cikin Afganistan ta yau. Yaran da ke fuskantar alƙibla sau biyar kullum za su kasa kunne.

Mai tambaya: Allah ya saka da alheri, Baba da sauran 'yan uwa. Ranar Litinin zan fara da lemon, yarinyar nan ce za ta zana da'irorin.