Golf ɗina tana tafasa, bakanike ya ce a cire tamostat

Mai Golf daga Gaya: Assalamu alaikum. Golf 3 ce, da ita nake lodin kasuwar Wudil ranar Juma'a. Tun shigowar bazara, da na yi nisa sai allurar zafi ta haura. Ruwa ba ya raguwa, fanka tana tashi. Bakanike ya ce a cire tamostat a yar, wai don ƙasar sanyi aka yi shi. In yarda?

Direban Ringim: Wa alaikumus salam. Lagiretonka ne yake yoyo.

Mai Golf daga Gaya: Malam, ai na ce ruwa ba ya raguwa.

Baba mai Kanta: Ɗana, ni aka cire wa. Shekara biyu ina ɗura ruwan rijiya, hankalina kwance. Wata Alhamis a hanyar Maigatari, da lodin awaki, sai tururi. Kafin in yi magana yaron motata ya murɗe murfin lagireto, ruwan ya yi tsartuwa ya saɓule masa hannu. A ruɗe na kwara ruwan sanyi, tof silinda ya tsage. Da aka zaro sandar baƙin mai, kamar koko. Da aka buɗe lagireton kuwa, fari fat, ya toshe. Sai da na sayar da sa ɗaya cikin shanun huɗata.

Direban Ringim: Allah ya mayar da alheri, Baba. Ya jikin yaron?

Baba mai Kanta: Ya warke, amma tabon yana nan.

Malamin makaranta, Dutse: Tamostat ƙofa ce. Tana rufe har injin ya ɗumama, wajen digiri 80 zuwa 90 ta buɗe, famfo ya tura ruwa lagireto iska ta huce shi. Murfin kuma matse ruwan yake yi don kada ya tafasa a digiri 100, shi ya sa buɗe shi da zafi ganganci ne. In ta maƙale, sabuwa ake sawa. Ruwan rijiya ne ya cuci Baba, gishirinsa ke daskarewa a bututu.

Oga bakanike: Malam, da girmanka, alli daban, sifana daban. Motoci nawa na cire wa suna aiki har yau?

Malamin makaranta, Dutse: Suna aiki, suna kuma shan mai, don injin yana daɗewa bai ɗau zafi ba.

Ɗan acaɓa: Ku dawo babur, iskar Allah ce ke fifita mana inji kyauta.

Direban Ringim: Sabuwar tamostat naira 6,000 na saya.

Oga bakanike: Jabu ka saya. Ta gaske ta fi haka tsada.

Mai injin ban-ruwa, Kura: Jabun nan su suka gama da mu. Fambel uku na saya a rani ɗaya, duk a leda mai kyau, shinkafata tana ƙishi ina zaryar gari. Wa ke shigo mana da su ne?

Baba mai Kanta: Har baƙin mai yanzu sai ka shinshina.

Mai Golf daga Gaya: Jama'a, jibi Juma'a fa.