Yaya zan hana kyamara rawa ba tare da matokari mai ƙafa uku ba?

Tambaya:
Assalamu alaikum. Hotunan da nake ɗauka da almuru suna fitowa dishi-dishi saboda hannuna yana rawa, kuma matokarin kyamara mai ƙafa uku ya yi mini nauyi a tafiya. Shin akwai abin da zan haɗa da kaina, wanda zai shiga aljihu?

Amsa ta farko:
Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. A ƙarƙashin yawancin kyamarori akwai rami mai zare, wato layukan da sukuru ke bi idan an murɗa shi, faɗinsa inci 1/4, da zare 20 a kowane inci. Ka nemi gajeren sukuru mai wannan awo, domin dogo yana iya lalata cikin kyamarar, sannan ka ɗaura masa igiya marar talewa wadda tsawonta ya kai daga ƙasa zuwa idonka, ka ɗaura ƙaramin ƙarfe mai faɗi a ɗaya bakin. Idan za ka ɗauki hoto, sai ka murɗa sukurun a ramin kyamarar, ka taka ƙarfen, ka ja kyamarar sama har igiyar ta miƙe sosai, kuma wannan jan ne yake rage rawar hannu.

Amsa ta biyu:
Malam ya faɗi gaskiya, amma igiya ɗaya tana rage motsin sama da ƙasa ne kawai. Ni na fi son doguwar igiya wadda nake takawa da ƙafafu biyu, domin tana rage kaɗawa zuwa gefe. Idan kuwa hoton yana buƙatar daƙiƙa biyu ko uku, igiya ba za ta wadatar ba, sai dai a ɗora kyamarar a kan ƙaramar jakar yashi.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Zan fara gwada ta ƙafafu biyun.