In aka haƙa rijiya har ta ɓulla ɗaya gefen duniya, mutum ya faɗa, ina zai tsaya?

Dan_Fagge:
Salam 'yan uwa. Jiya ana yashe rijiyar gidanmu, mai yasar yana can ƙasa mu kuma muna jawo guga cike da laka, sai ƙanina ɗan aji biyu ya ce wai yaya in aka ci gaba da haƙa har aka ɓulla ta ɗaya gefen duniya sannan mutum ya faɗa, zai fita ta can ne ko a tsakiya zai maƙale? Na ce ya rufa mana baki, amma wallahi har na kwanta abin na raina. Masu kimiyya a taimaka kar yaro ya raina ni.

MalamFizik:
Wa alaikumus salam. Ƙanin naka ba shi ya fara ba, tun 1679 Robert Hooke da Isaac Newton suka yi musayar wasiƙu kan abin da zai faɗa cikin ƙasa. Daga wannan gefe zuwa wancan kusan kilomita 12,742 ne. Da ka faɗa gudunka ƙaruwa zai yi ta yi, amma jan da ƙasa take maka raguwa yake yi kana matsowa tsakiya, don duwatsun da ka baro a sama sun daina janka ƙasa, sai wanda ke ƙarƙashinka kawai. A tsakiya cif ba ka da nauyi ko na kwabo, saidai a lokacin kana tafiyar kusan kilomita 8 a sakan ɗaya, to me zai tsayar da kai? Wucewa zaka yi kana hawa gudun na mutuwa a hankali, daidai bakin ramin na can ka tsaya cak. Minti 42. In baka kama wani abu ba ka sake dawowa, kamar lilo, minti 84 zuwa da dawowa.

Wannan in an ɗauka nauyin ƙasa ɗaya ne ko'ina kenan. Gaskiyar ta, tsakiyar duniya ƙarfe ce, ta fi nauyi sosai, shi ya sa a 2015 Alexander Klotz na jami'ar McGill a Kanada ya sake lissafin ya samu minti 38.

Bakatsine_01:
Malam ka manta baka gaya masa inda zai ɓulla ba lol. Daga Kano ba Amurka zaka fito ba, tsakiyar tekun Fasifik ne wajen Samoa, ruwa ne zai fara biyo ramin tun kafin ka cire takalmi.

Ummu_Injiniya:
Malam lissafinka na kan allo ne, an cire iska an cire zafi. In da iska a ramin ita zata riƙe ka, ko a sararin sama mai faɗowa baya wuce wajen kilomita 200 a awa, balle can ƙasa da iskar zata danne ta yi kauri, haka gudunka zai yi ta raguwa har ka ƙare a tsakiya inda zafi ya haura digiri 5,000. Sannan duniya juyawa take, a nan saman tana tafiya da kai gabas da gudu fiye da na ƙasan ramin, don haka bango zaka goga tun baka yi nisa ba sai dai in daga ƙuryar arewacin duniya aka haƙa zuwa ƙuryar kudancinta. Rasha ma da suka fara haƙa a Kola a 1970, mita 12,262 suka kai a 1989, zafi ya kai digiri 180 suka haƙura, kuma faɗin ramin bai wuce faranti ba.

MalamFizik:
Haka ne Hajiya, ban musa ba. Amma ga wanda yake sa ɗalibaina gardama: a wancan lissafin na farko, ko wane gari biyu ka haɗa da miƙaƙƙen rami babu iska babu gogayya, minti 42 ɗin ne dai. Kano zuwa Legas ma haka, don gangaren ba shi da tsanani, tafiyar gajera ce amma a hankali. Tsakiyar wannan ramin zai nutse wajen kilomita 13, ya fi na Kola zurfi.

Dan_Fagge:
Kano zuwa Legas minti 42 ba fetur?? Na gode Malam, na gode Hajiya. Na karanta wa yaron, yanzu kuma cewa yake wai in ya jefa guga wa zai kama masa a Samoa.